Lefen Da Ya Sha Danshin Fatakwal

Da aka buɗe akwati na uku, tsakar gidan ya yi tsit.

Zakiyya tana ƙuryar ɗakin Inna, ta jingina da keken ɗinkinta, kunnenta yana jikin taga. Amarya ba ta fitowa ranar kawo lefe, don haka tun hantsi take ɓoye, zafin bazara yana dukan kwanon ɗakin kamar da gayya. Da aka buɗe akwatin farko ta ji guɗa. Na biyu ma an yi, amma a gajarce. Na uku kuwa ko tari babu wadda ta yi.

Can sai ta ji muryar Gwaggo Maiturare, yayar babanta.

"Wai ni hancina ne ya lalace, ko kowa ya ji abin da na ji?"

Zakiyya ta ɗaga labule kaɗan ta leƙa. Gwaggo ta ɗago wani takalmi mai tsini da yatsu biyu, ta nesanta shi da jikinta. Funfuna ta rufe shi, fari-fari da kore-kore, har cikin ɗunduniyar.

"Jama'a ku zo ku ga takalmi da gemu! Shekarata sittin da ɗoriya a garin Daura, na karɓi lefe ba adadi, ban taɓa ganin wanda ya zo da gemu ba sai na 'yar ƙanena."

Hajiya Madina, gwaggon ango, wadda ta jagoranci masu kawo kayan, ta gyara mayafinta.

"Haba Hajiya, wallahi sababbi ne. Yaron nan ya daɗe yana tara su ɗaya bayan ɗaya."

"Yana tara su a ina? A cikin rijiya?"

Gwaggo ta zaro atamfa ta kai hanci, ta yamutsa fuska. Ta zaro jaka, ita ma ta yi furfura. Da ta zo kan babban leshin, ruwan zuma mai duwatsu, sai ta shinshina shi sau biyu ta jefar kan tabarma.

"Abu biyu ne, ku zaɓi ɗaya. Ko dai gwanjo ya kwaso mana don ya raina mu, ko kuwa garin da yake zaune ne ke yi wa kaya haka. In gwanjo ne, ba ma so. In garin ne, to garin da ya yi wa takalmi haka, me zai yi wa 'yar mutum?"

Matan gidan ango suka tashi ko lemon da aka ajiye musu ba su buɗe ba. Inna tana bin su da ban haƙuri har zaure, a hankali, don kada Gwaggo ta ji.

Zakiyya ta saki labulen ta zauna daɓas. Haushi ne ya fara zuwa mata kafin kuka.

Ba yau Gwaggo ta fara ba. Tun ranar da Sharfaddeen ya turo manyansa take neman inda za ta kama. Ba ta samu a asali ba, don ɗan unguwa ne, kowa ya san gidansu. Ba ta samu a sana'a ba, don shanu da awaki yake saukewa a Fatakwal, kuma yana samu. Sai ta kama gari. Ita da ba ta taɓa wuce Zariya ba, ta zama malamar Kurmi. A can gumi ba ya bushewa. A can bango yana zufa. A can mace tana kumbura kamar ƙullun da ya kwana.

Kowa a gidan ya san dalili. Ɗanta Zulkifilu, mai sayar da ƙanƙara da lemo a bakin tasha, ya daɗe yana son Zakiyya. Ita kuwa yaya ta ɗauke shi, ta kuma faɗa masa ba sau ɗaya ba. Bai fasa ba. Kullum bazara sai ya ɗauro ƙanƙara a bayan babur ya kawo gidan, wai ta Inna ce.

Bayan azahar aka ce ana sallama da Zakiyya.

Tun da aka ƙaddamar da shari'ar Musulunci a jihar Baba ya hana zancen dare. Da rana ake yi, a zaure, ƙofa a buɗe. Ta zura hijabi ta fito. Sharfaddeen yana zaune a ƙarshen tabarma, hularsa a gwiwa, leɓensa duk ya tsage. Jiya ya sauka daga mota, amma kamar wanda ya yi wata yana jinya.

Ta zauna can nesa, ba ta gaishe shi ba.

"Zakiyya, ki dube ni mana."

"Me zan gani?"

"Wallahi tallahi babu gwanjo ko ɗaya a ciki. Kowane ɗaya da hannuna na zaɓa. Leshin nan da kika ce kina son ruwan zuma, kasuwa uku na shiga kafin na same shi."

"To me ya same su?"

Ya sunkuyar da kai.

"Tun kafin daminar bara na shirya su. Na naɗe komai a leda, na rufe akwatunan, na sa kwaɗo, na tura ƙarƙashin gado. Ban ƙara buɗewa ba, don kada ƙura ta shiga."

Ta ɗago ta zuba masa ido.

"Ƙura? A garin da kake ce min ko ƙwayar ƙura babu?"

"Haka na tashi na ga Hajiyarmu tana yi. Zanen aurenta har yau yana cikin adaka, in aka buɗe kamar jiya aka saya."

"Hajiyarku a Daura take, Sharfaddeen! A Daura!"

Kukan da take riƙewa tun safe ya ƙwace. Ta rufe fuska da hijabi.

"Ka san yadda na sha wuya kafin Baba ya yarda? Ka san sau nawa na durƙusa gaban Gwaggo ina wanke mata kai, ina matsa mata ƙafa, don kawai ta yi shiru ranar yau? Ko sau ɗaya ba za ka buɗe akwati ka leƙa ba? Yanzu ta samu abin da take nema, kai da kanka ka ɗauko mata shi tun daga Fatakwal, ka biya kuɗin mota."

"Ki yi haƙuri. Amma fa Gwaggo ba ta yi wa garin adalci ba. Ke ba ki ga yadda nake ba daga jiya zuwa yau? Maƙogwarona kamar an zuba toka. Iskar nan in ta bugo ka kamar an buɗe bakin tanda. A can fa fata luwai-luwai take, babu kaushi, babu faso. Wannan haɓon da kike yi duk bazara, in kin je can kin rabu da shi. Ko'ina kore shar, ruwan sama…"

"Ruwan saman da ya sa wa takalmina gemu?"

"Wannan kuskurena ne, ba na ruwa ba."

"Ana maganar aurenmu zai mutu, kai kana yabon iska!"

Kafin ya ba ta amsa sai ga ƙarar babur. Zulkifilu ya shigo da ƙatuwar ƙanƙara naɗe a buhu, ruwa yana ɗiga ta gwiwar hannunsa. Ya yi murmushi har kunne.

"A'a, ango! Sannu da zuwa. An ce kayan sun iso lafiya, har da shuka a ciki."

Sharfaddeen ya ɗago ya dube shi.

"Sannu Zulkifilu. Ana ta fama da wuta?"

"Wace wuta? Zafinmu ai mai mutunci ne. Ka shiga inuwar darbejiya, ka sha ruwan randa, shi ke nan ya ƙyale ka. Naku fa an ce har cikin banɗaki yake bin mutum, kana wanka kana gumi."

"In mai mutunci ne me ya sa kake cin abinci da shi? Ba don garin ya zama murhu ba wa zai sayi ƙanƙararka?"

"Gara murhu da tukunyar dambu."

Zakiyya ta dubi wannan, ta dubi wancan. Maza biyu, kowanne yana cewa yana sonta, ga ta tana kuka a gabansu, su kuwa sun duƙufa kan wane gari ya fi iya dafa mutum. Ta miƙe ta shige gida. Har ta kai tsakar gida tana jiyo su, babu wanda ya lura ta tashi.

A bakin randa ta tsaya, dabara ta faɗo mata.

Katanga ɗaya ce tsakaninsu da Maman Chekwube, matar Emenike mai kayan gyaran babur. 'Yar ƙabilar Ibo ce, kuma a Fatakwal ta girma kafin aure ya kawo ta Daura. Zakiyya ce ke yi mata ɗinkin zuwa coci. In akwai wadda za ta wanke Sharfaddeen, ita ce. Zakiyya ta taka turmi ta leƙa, ta kira ta ƙasa-ƙasa, ta faɗa mata komai cikin sheshsheƙa.

"Share hawayenki 'yata, ina zuwa. Ƙaramin abu ne wannan."

Ta shigo da sallamarta, ta durƙusa ta gaida Gwaggo, wadda ke kishingiɗe a rumfa tana fifita, akwatunan a jere gabanta kamar masu jiran hukunci. Inna tana gefe tana tsince shinkafa. Zakiyya ta laɓe a ƙofar ɗaki.

Maman Chekwube ta ɗauki takalmin ta juya shi, sai ta fashe da dariya.

"Hajiya, wannan ba gwanjo ba ne. Dubi ƙasansa, ko taka shi ba a yi ba. Danshi ne kawai. A can in ka kulle kaya ba ka shanya ba, haka suke yi ko jiya ka saya. Ku goge shi, ku baza komai a ranar nan taku, kafin la'asar warin ya gudu."

Zakiyya ta sauke ajiyar zuciya. Har Inna ta ɗago kai.

Gwaggo ta gyara kwanciya. Ta ci gaba da fifita, sannan ta tambaya a hankali, cikin muryar da Zakiyya ta fi tsoro.

"To Madam, ke da kika zauna can kika zauna nan, tsakaninki da Allah, ina ya fi daɗin zama?"

"Ah, Hajiya!" Maman Chekwube ta gyara zama, ta ja kujera 'yar tsugunno. "Ni kam nan. Da na zo sabuwa na yi kuka, hancina ya yi jini, na ce wa Baban Chekwube ya mayar da ni. Amma yanzu? In muka je gida Kirsimeti kwana uku nake fara ƙosawa. Ki yi wanka ki fito, kafin ki ɗaura zane kin jiƙe. Nan kuwa ki yi wanki, kafin ki gama shanya na ƙarshe na farko ya bushe. Can sai kaya su kwana biyu a igiya suna wari."

Zakiyya ta fara yi mata alama da hannu. Ba ta gani ba.

"Gishiri ya zama ruwa a kwano. Ashana ta ƙi kamawa. Ƙurajen zafi a wuya, a baya, har inda ba a faɗa. Ga sauro, Hajiya, manya kamar an yi kiwonsu. Kuma kin ga randar nan taku? Na kai wa mamata irinta tun daga nan, a cinya na riƙe ta har can. Ruwan ya ƙi sanyi! Ko kaɗan. Yanzu shuka fulawa take a ciki."

"Randa ta ƙi sanyi," in ji Gwaggo, tana kallon Inna. "Safiyatu, kin ji ko? Ba ni na faɗa ba. 'Yar garin ce ta faɗa."

Sai a lokacin Maman Chekwube ta waiwayo ta ga fuskar Zakiyya. Ta dafe baki.

"Amma fa akwai kifi mai kyau," ta ce da sauri. "Da ayaba. Kuma mutum yana sabawa, Hajiya, kowa yana sabawa…"

"Mun gode Madam. Ki gaida mai gidan."

Da Baba ya dawo daga sallar la'asar, Gwaggo ko zama ba ta bari ya yi ba. Malam Ja'afaru mutum ne mai sanyi, kuma Gwaggo ce ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Bai taɓa iya ce mata a'a ba. Ya saurara yana jan carbi, ta kawo gishiri, ta kawo ashana, ta kawo randa.

Ya kira Zakiyya. Ta durƙusa nesa, kanta a ƙasa.

"Kin ji abin da gwaggonki ta ce?"

"Na ji, Baba."

"Kina da magana?"

Tana da ita. Tana da magana cike da ciki. Tana so ta ce ita ba randa ba ce, ba kuma gishiri ba. Tana so ta ce duk bazara a nan ma kwana take tana juyi a tsakar gida, jini yana zuba ta hancinta, babu wanda ya taɓa kiran taro a kai. Tana so ta ce in dai za a dafa ta, a bar ta ta zaɓi tukunyar da wanda za su dahu tare. Amma idon Baba yana kanta, kunya ta ɗaure mata harshe. Hawaye kawai ke ɗiga kan tabarma, suna bushewa nan take.

Baba ya nisa.

"To. A mayar musu da kayan tukuna, yadda suka zo. Ba cewa na yi an fasa ba. A dai mayar, har a sake shawara."

Babu wanda bai san ma'anar wannan ba. Lefen da ya fita daga gida ya koma, ba a cika ganin ya dawo ba. Dangin Sharfaddeen ba za su sake tako ƙofar nan ba bayan kunyar safe da ta yamma.

"Madalla," in ji Gwaggo. "Zulkifilu yana waje, bari ya samo mota a tasha. Ku harhaɗa komai, ko ɗankwali kada ya yi ciwon kai, kada su ce mun taɓa musu abu. Yadda suka kawo haka za su karɓa."

Baba ya fita zaure. Gwaggo ta ɗauki buta ta zaga bayan gida.

Zakiyya ta tsaya ita kaɗai gaban akwatunan. Kalmar Gwaggo ce ke yi mata yawo a ka. Yadda suka kawo haka za su karɓa.

Leshin ruwan zuma yana nan kan tabarma inda aka jefar da shi tun safe. Rana ta yini tana dukansa. Ta tsuguna ta ɗauka ta kai hanci. Babu wari. Ɗumi kawai, da ƙamshin sabon yadi. Kasuwa uku ya shiga, sakaran, sannan ya kulle shi a leda don tsoron ƙurar da ya baro a Daura.

Ta shiga ɗaki. Ta fito da almakashinta na ɗinki.

Ta warware leshin kan tabarma. Ba ta auna ba, ba ta sa alli ba. Ta yi bismilla ta kafa almakashi.

Ƙarar yankan ta cika tsakar gidan.

"Innalillahi!" Butar ta faɗi daga hannun Gwaggo. "Ke! Zakiyya! Kin haukace? Wa zai karɓi yankakken leshi? Safiyatu, kina zaune kina kallo? Tashi ki ƙwace!"

Zakiyya ba ta ɗago ba. Kuka take, tana yanka.

"Ni zan zauna a garin, Gwaggo," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa, karo na farko a rayuwarta da ta mayar mata da magana. "In gumi ne, nawa ne. In ƙuraje ne, a wuyana za su fito."

Inna ta ajiye farantin shinkafa. Ta miƙe a hankali, ta kakkaɓe zanenta, ta nufo 'yarta. Tun da aka fara maganar auren nan ba a taɓa jin bakinta ba. Zakiyya ta runtse ido tana jiran mari.

Inna ta tsuguna. Ta kama ɗaya bakin leshin da hannu biyu ta ja shi ya miƙe.

"Kin fara karkacewa," ta ce. "Bi layin duwatsun."

A waje mota ta tsaya, Zulkifilu yana danna ham. Daga bakin zaure kuma aka ji gyaran muryar Baba, takunsa yana matsowa.

Inna ba ta saki ba. Zakiyya ta goge ido da bayan hannu, ta bi layin duwatsun.